Nazarin Yadda Wani Malamin Islamiyya a Gwale Ya Koma Amfani da Linux

Mutumin da wannan nazari ya shafa malami ne a wata makarantar Islamiyya da ke ƙaramar hukumar Gwale a cikin birnin Kano, kuma shi aka ɗora wa alhakin buga takardun jarrabawa da haɗa sakamakon ɗalibai, ba don ya karanci kwamfuta ba, sai don shi kaɗai ne a cikin malaman yake da kwamfutar tafi-da-gidanka. Zan riƙa kiransa Malam kawai. Na bibiyi al'amarinsa daga watan Oktoba na 2025 har zuwa ƙarshen jarrabawar zangon farko, kasancewar maƙwabcina ne, kuma ni ake fara tuntuɓa a layinmu idan kwamfuta ta ƙi tashi. Wanda ya yi aikin da hannunsa kuwa ɗan wansa ne, ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Bayero, wanda ya daɗe yana yi wa baffan nasa wa'azin Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, ba tare da an saurare shi ba.

Halin da kwamfutar take ciki

Kwamfutar 'yar gwanjo ce da Malam ya saya a titin Beirut shekarun baya. Injinta Intel Core i5 ne zubi na uku, irin waɗanda suka fito a 2012, ƙwaƙwalwar aikinta da masu gyara ke kira ram gigabayit 4 ce, faifan ajiyarta kuma tsohon samfuri ne mai juyawa, mai cin gigabayit 500. Batirinta ya daɗe da mutuwa, ta yadda da zarar an ɗauke wuta sai ta mutu nan take. Windows 10 ce a kanta, kuma idan ya kunna ta yakan iya yin alwala ya dawo kafin ta gama shiryawa.

Nauyin kwamfutar bai dame shi kamar matsalar filashi ba. Makarantar ba ta da firinta, saboda haka duk abin da ya rubuta sai ya kai shagon buga takardu, kuma kusan duk lokacin da filashin ya dawo sai ya tarar fayilolinsa sun ɓace, an bar masa wasu gumaka masu alamar kibiya a madadinsu. Wannan ita ce cutar da ta zama ruwan dare a shagunan buga takardu, wadda ke ɓoye ainihin fayilolin, ta ajiye hanyoyin bogi waɗanda da zarar an danna su sai ta shiga kwamfutar. Sau biyu aka yi masa fomatin saboda ita, kuma a karo na biyu ya rasa sakamakon aji guda sai da aka sake tattara shi daga rajistar takarda.

Abin da ya kawo ƙarshen jan ƙafa shi ne sanarwar Microsoft cewa daga ranar 14 ga Oktoba, 2025, ta daina bai wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, in ban da wani tsarin ƙarin wa'adi na shekara guda ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuwa ba ta karɓar irin wannan inji a hukumance, domin tana neman injin Intel daga zubi na 8 zuwa sama da kuma wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Akwai masu gyara da ke tsallake wannan sharaɗi su cusa ta da ƙarfi, kuma an ba Malam wannan shawara, amma kwamfutar da take nishi da Windows 10 babu dalilin zaton za ta ji daɗin wadda ta fi ta nauyi.

Akwai kuma wani dalili da ban yi tsammani ba, wanda daga baya na gane shi ya fi tasiri a zuciyarsa. A kusurwar fuskar kwamfutar akwai wani rubutu da ya daɗe yana gani bai san ma'anarsa ba, sai da ɗan wan nasa ya bayyana masa cewa alama ce ta cewa Windows ɗin da aka ɗora masa ba ta da lasisi, haka ma manhajar rubutun da yake amfani da ita an fasa makullinta ne. Mutumin da yake koyar da yara babin ciniki da haƙƙin mutane bai ji daɗin wannan labari ba. Ya tambayi ko akwai wadda masu ita suka halatta, yaron ya ce masa, "Baffa, ai ita nake ta gaya maka tun bara."

Zaɓin da aka yi da dalilinsa

Bayanin da aka yi wa Malam gajere ne. Linux ta samo asali ne a 1991, lokacin da Linus Torvalds, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya rubuta zuciyar manhajar ya saki lambobinta, wato ainihin rubutun da aka gina ta da shi, ga kowa, aka haɗa ta da kayan aikin shirin GNU wanda Richard Stallman ya soma a 1983. Lasisin da take ƙarƙashinsa, wato GPL, ya ba kowa damar amfani da ita, da kwafarta, da gyara ta, da rarraba ta, bisa sharaɗin cewa wanda ya rarraba abin da ya gyara dole ya bar lambobin a buɗe kamar yadda ya same su. Da Malam ya ji haka sai ya ce wannan ai waƙafi ne. Kwatancen bai yi daidai ɗari bisa ɗari ba, tun da lasisin bai hana sayarwa ba, abin da ya hana shi ne rufewa, amma a ganina ya kama ruhin abin fiye da bayanai da yawa da na taɓa ji. Da aka ƙara masa da cewa wayar Android da ke aljihunsa ma a kan zuciyar Linux aka gina ta, sai sauran tsoron ya ragu.

Linux ba guda ɗaya ba ce, zubi-zubi ce, kuma a nan muka ɗan yi saɓani da yaron. Shi ya fi son a ɗora wa baffansa irin wadda yake amfani da ita, wadda sai mutum ya iya rubuta umarni kafin ya ji daɗinta, kamar yadda sabon shiga kowace sana'a yake son a ga ƙwarewarsa. Ni kuma na nace a kan Linux Mint, jerin 22, wadda aka gina a kan wani zubin Linux mai suna Ubuntu 24.04 kuma za a ci gaba da ba ta gyare-gyare har 2029. Daga cikin fuskokinta uku, Cinnamon da MATE da Xfce, muka ɗauki Xfce saboda ita ta fi sauƙi a kan ram kaɗan, kuma tsarinta na maɓallin farawa a ƙasa ta hagu bai yi nisa da abin da idonsa ya saba da shi ba.

Kafin a taɓa komai na sa Malam ya zauna ya lissafa duk abin da yake yi da kwamfutar a mako, kuma wannan zama, ba ɗora manhajar ba, shi ne mafi muhimmancin matakin aikin gaba ɗaya. Abin da ya fito shi ne rubuta tambayoyi da Larabci da Hausa da ɗan Turanci, da jadawalin maki, da sauraren karatu, da kuma binciken littattafai a cikin Maktabatus Shamila, manhajar da ke tara littattafan Larabci na addini, wadda sigar da yake da ita ta Windows ce kuma ya tara littattafai masu yawa a cikinta. Wannan na ƙarshe shi ya sa muka yanke cewa ba za a goge Windows ba, za a raba faifan gida biyu, idan ya kunna kwamfutar ya zaɓi wadda zai shiga, da sharaɗin cewa ɓangaren Windows ba zai ƙara hawa intanet ba kuma ba za a ƙara soka masa filashin da ya je shago ba.

Ranar da aka ɗora ta

Fayil ɗin ɗorawar ya kusa gigabayit 3, saboda haka yaron ya sauke shi da datar dare, ya tabbatar da lambar tantancewarsa don gudun kada ya kasance ya yanke a hanya, sannan ya rubuta shi a filashi da wata manhaja mai suna Rufus. Duk takardun Malam aka kwashe su zuwa wani faifai na waje, aka kuma buɗe wasu daga cikinsu aka ga sun kwafu da gaske. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wuta, domin idan kwamfutar da ba ta da batir ta mutu a daidai lokacin da ake rage girman ɓangaren Windows, ana iya rasa duk abin da ke faifan. Don haka ba a yi aikin a gidan Malam ba, sai a gidan wani ɗan'uwansu mai sola.

An fara tayar da Mint daga filashin ba tare da an ɗora ta ba, wanda dama ce da sabon shiga bai kamata ya tsallake ba, domin a nan ake gane abin da zai yi aiki da wanda zai ƙi. Sauti ya yi, allon madannai ya yi, amma Wi-Fi bai bayyana ba ko alama. Dalilin shi ne kamfanin da ya ƙera guntun Wi-Fi ɗin bai buɗe lambobin direbansa, wato ƙaramar manhajar da ke sa guntun ya yi aiki, ba, saboda haka ba a kunna shi kai tsaye. Bayan an gama ɗorawa sai aka haɗa waya da kebul aka ba kwamfutar intanet ta nan, aka buɗe manhajar kula da direbobi da ke cikin Mint, ta gano guntun da kanta ta kawo direban, aka sake kunnawa, shi ke nan. Aikin duka bai cinye tsakanin la'asar da magariba ba.

Makonni biyun farko

Matsalolin da suka biyo baya ƙanana ne, amma irin waɗanda ke sa mutum ya yi fushi ya koma inda ya fito idan babu wanda zai tambaya. Na farko, Malam ya sauke wata manhaja daga intanet kamar yadda ya saba, ya yi ta danna ta ba ta buɗe ba, domin fayil ne na Windows. Sai da aka nuna masa cewa a nan ba a yawon neman manhaja a shafuka, akwai rumbu guda da ake shiga a zaɓa a ɗora, kuma daga nan ne gyare-gyaren kowace manhaja ke zuwa. Na biyu, ran da yaron ya sa shi rubuta wani umarni ta waya, aka nemi kalmar sirri, ya yi ta bugawa bai ga komai ya fito ba, har ya aiko a kira ni cewa madannan sun lalace. Ba su lalace ba, haka tsarin yake, wasu umarnin ba sa nuna ko da ɗigo idan ana rubuta kalmar sirri a baƙin allon umarni. Na yi amfani da wannan dama na roƙe shi kada ya taɓa kwafo umarnin da ya fara da kalmar sudo daga wani wuri ya liƙa alhali bai san aikinsa ba, domin wannan kalma ita ce mabuɗin da ke ba umarni ikon taɓa komai a cikin kwamfutar.

Raba faifan ma ya zo da nasa. Daga cikin Mint yana ganin takardunsa da ke ɓangaren Windows amma ba ya iya adana gyara a kansu, saboda Windows tana da wani tsari na saurin tashi wanda ba ya kashe ta gaba ɗaya, sai ya bar faifan a matsayin wanda ake kan amfani da shi, ita kuma Linux ta ƙi rubutu a kansa don kada ta ɓata. Da aka kashe wannan tsari sai matsalar ta wuce. Sai kuma agogo. Wata rana yana cikin Shamila ya ji kiran sallar azahar alhali agogon kwamfutar yana nuna saura awa guda. Linux tana ajiye agogon cikin inji a kan lokacin duniya ne sannan ta ƙara awa ɗayar Nijeriya wajen nunawa, Windows kuma tana ɗaukar abin da ta tarar a matsayin lokacin gida, kuma da yake mun hana ta intanet ba ta da hanyar gyara kanta. Umarni guda ya daidaita su.

Ta fuskar filashi kuwa nasarar ta fito fili tun zuwan farko. Da ya dawo daga shago ya soka shi, sai ga fayilolinsa na ainihi da cutar ta ɓoye, ga kuma gumakan bogin a gefe ba su da ikon yin komai, domin an rubuta su ne don Windows. Na ja hankalinsa cewa rashin kamuwa ba ya nufin ba zai iya kai wa wani ba, saboda haka ya riƙa goge su kafin ya ba abokin aiki filashin.

Batun haruffa

A nan ne aikin ya fi cin lokaci, kuma a nan ne Malam ya samu abin da bai nema ba. LibreOffice, manhajar rubutu da lissafi mai aiki irin na Word da Excel, tana zuwa tare da Mint, kuma ɓangarenta na rubutu da na jadawali sun buɗe tsofaffin takardunsa, lissafin jimilla da matsakaicin maki duk suka yi aiki yadda suke. Amma maɓallan juya rubutu daga dama zuwa hagu ba su bayyana ba sai da aka shiga saitin harsuna aka kunna tallafin rubutu irin na Larabci. Salon harafin da ya saba da shi ma babu shi, domin mallakar Microsoft ne, sai aka ɗora masa Amiri, wanda Khaled Hosny ya zana bisa salon tsohuwar maɗaba'ar Bulaƙ ta Alƙahira, kuma wasulla suna zama a kansa da kyau, abin da ke da muhimmanci ga mai rubuta wa yara ayoyi da hadisai.

Hausa kuma, shekara da shekaru Malam yana rubuta k a wurin ƙ, da d a wurin ɗ, wani lokaci ya bi takardar da biro yana sa lanƙwasa bayan an buga, domin bai san kwamfuta tana iya fitar da su ba. A cikin jerin tsare-tsaren allon madannai na Linux akwai na Hausar Nijeriya, ba sai an sauke komai ba, aka ƙara masa shi tare da na Larabci, yana sauyawa tsakanin ukun da maɓalli. An kuma rubuta masa lambobin haruffan a takarda ya manna a gefen kwamfutar saboda ko-ta-kwana, 0199 na ƙ, 0257 na ɗ, 0253 na ɓ, waɗanda idan ya rubuta a LibreOffice ya danna Alt da X sai su rikiɗe su zama harafin. Wanda ya san bambancin ƙafa da kafa, ko ɓari da bari, ya san wannan ba ado ba ne a takardar jarrabawar yara.

Abin da ya fi burge shi shi ne wani salon harafi mai suna Alkalami, wanda ƙungiyar SIL ta zana bisa rubutun hannun da ake yi a yankin Kano, irin mai kaurin nan na allo da na Alƙur'anan Warshu, kuma ta sake shi kyauta. Gaskiya wannan harafi yana aiki a Windows ma, ba wai Linux ce ta zo da shi ba, amma ba domin wannan sauyi ya sa an zauna an bincika batun haruffa ba da har yau bai san da shi ba. Ya yi amfani da shi wajen rubuta darasin ajami na ƙananan aji, kuma ya ce yaran da suka fito daga makarantar allo sun fi saurin gane shi.

Kuskuren lokacin jarrabawa

Babban tuntuɓen ya faru ne a makon jarrabawa, kuma laifinmu ne mu masu ba shi shawara, domin mun san da matsalar ba mu faɗa masa ba. Ya rubuta takardar Fiƙihu ta shafi biyu, ya adana ta a tsarin Word kamar yadda ya saba, ya aiki wani ɗalibi ya kai shago. Kwamfutar shagon ba ta da Amiri, sai ta musanya shi da wani harafi dabam, layuka suka zame, shafi biyu ya koma uku, lambobin wasu tambayoyi suka koma ɗaya gefen, kuma mai shagon ya buga ya yi hoton kwafi na aji guda a haka. Sai da aka sake bugawa, Malam ya biya daga aljihunsa, kuma a ranar ya ce mini da ya sani da bai bar abin da ya sani ba.

Maganin bai wuce danna maɓalli guda ba. LibreOffice tana fitar da takarda a tsarin PDF, wanda ke ƙunshe haruffan a cikin fayil ɗin, ta yadda duk kwamfutar da ta buɗe shi abin da marubucin ya gani shi za ta nuna. Tun daga ranar ƙa'idarsa ita ce abin da za a buga ya tafi a PDF, abin da wani malami zai gyara kuma ya tafi a tsarin Word da haruffan Liberation Serif ko Carlito, waɗanda faɗinsu ya yi daidai da na Times New Roman da Calibri, don kada shafukan Turanci da Hausa su zame. Sauran takardun jarrabawar duk sun fita lafiya.

Inda aka tsaya

Zuwa ƙarshen zangon Malam yana yin kusan duk aikinsa a Mint, yana shiga Windows ne kawai idan zai yi bincike a Shamila. Yaron ya gwada tayar masa da ita ta hanyar Wine, manhajar da ke gudanar da wasu shirye-shiryen Windows a Linux, amma sakamakon bai gamsar ba, sai aka bar ta inda take. Wannan na nufin damuwarsa ta lasisi ba ta kau gaba ɗaya ba, shi ma ya san da haka, kuma yana duba yiwuwar komawa ga shafin Shamila na intanet da manhajarta ta waya don ya goge ɓangaren baki ɗaya, sai dai hakan zai ƙara masa cin data. Gyare-gyaren Mint kuwa ba sa sauka sai ya ba da izini, saboda haka yana tara su ya sauke da dare, kuma an kunna masa Timeshift don a iya mayar da tsarin baya idan wani gyara ya zo da matsala, tare da gargaɗin cewa ba ta ajiye takardunsa na kansa, wannan aikin faifan waje ne.

Kwamfutar ta fi da sauri ƙwarai, amma ba ta zama sabuwa ba, kuma idan ya buɗe shafukan intanet da yawa tare da takarda mai nauyi takan tsaya ta yi tunani. Ragowar nauyin daga faifan mai juyawa yake da ƙarancin ram, ba daga manhaja ba, kuma na faɗa masa cewa sauya faifan da irin na SSD, wanda ba ya juyawa kuma ya fi sauri, zai fi yi masa amfani a kan duk wani saiti da za mu ƙara taɓawa. Ya ce batir zai fara saya idan an biya kuɗin wata, domin a makon haɗa sakamako sau uku wuta tana ɗaukewa yana tsakiyar shigar da maki.